Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar Kwalejin Shari'a ta Gwamnati da ke Mumbai a kan tsofaffin takardunta

Zuwa ga Shugaban Kwalejin Shari'a ta Gwamnati da ke Churchgate, Mumbai, da Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta Jihar Maharashtra, da hukumar Jami'ar Mumbai, da tsofaffin ɗaliban kwalejin a duk inda suke.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, mu da muka rubuto wannan wasiƙa malaman shari'a ne da ma'aikatan adana takardun tarihi, kuma buƙata ɗaya ce ta kawo mu. A shekarar 2030 kwalejinku za ta cika shekara 175 da kafuwa. Muna roƙon kafin lokacin a ƙidaya tsofaffin takardunta, a raba su da laima da ƙwari, a ɗauki hotonsu, sannan a buɗe su ga masu bincike. Taron biki mako guda zai yi ya watse. Rajistar ɗalibai mai shekara ɗari kuwa idan ta ruɓe, babu kuɗin da zai dawo da ita.

Wani zai ce me ya haɗa masu rubutu da Hausa da makarantar da ke gaɓar tekun yammacin Indiya. Doka ce ta haɗa mu. Hukumar da Thomas Macaulay ya jagoranta ta miƙa daftarin dokar laifuka ta Indiya a 1837, aka yi ta gyare-gyare har aka zartar da ita a 1860, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1862. Daga jikinta aka ciro dokar laifuka ta Sudan a 1899, daga ta Sudan kuma aka tsara Final Kod ta Arewacin Najeriya da ta fara aiki a 1960. Pakistan da Bangladesh da Siri Lanka da Malesiya da Singafo duk a wannan rijiya suka sha. Saboda haka yadda aka koyar da wannan doka a azuzuwanku, da yadda lauyoyin da kuka yaye suka yi jayayya a kanta a kotu, tarihin ƙasashe da yawa ne, ba na Indiya kaɗai ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa muka ga maganar ba ta jira. Ranar 1 ga Yuli 2024 Indiya ta maye gurbin dokar laifuka ta 1860 da dokar shaida ta 1872 da dokar bin tsarin shari'ar laifuka ta 1973 da sababbin dokoki. A rana ɗaya littattafan sharhi masu ɗimbin yawa suka tashi daga kayan aiki suka koma kayan tarihi. Duk wanda ya yi aikin laburare ya san wannan ne lokaci mafi haɗari ga littafi. Muddin ɗalibai suna ɗaukarsa, ana kaɗe masa ƙura ana ganin halin da yake ciki. Ranar da ya daina fitowa a jarrabawa sai a sauke shi daga kanta don a samar wa sabo wuri, a ɗaure shi da igiya a kai sito, daga nan kuma sai gara.

Tarihin kwalejin ya cancanci a tuna da shi, domin shi ne ke nuna irin takardun da ya kamata a nema. Lokacin da Sir Erskine Perry, babban jojin kotun ƙoli ta Bombay (tsohon sunan Mumbai), zai bar aiki a 1852, mutanen gari suka tara kuɗi aka kafa kujerar farfesan shari'a da sunansa a makarantar Elphinstone. Karatu ya fara a 1855, shekara 2 kafin a kafa Jami'ar Bombay, shekara 7 kafin a buɗe Babbar Kotun Bombay a 1862. An haɗe makarantar da jami'a a 1860. Ta daɗe tana zaman aro a gine-ginen Elphinstone, ana karatu da yamma bayan an tashi daga kotu, malamanta kuma lauyoyi ne masu aiki. A 1925 aka sauya mata suna daga makaranta zuwa kwaleji, a 1938 ta koma ta cikakken lokaci, a 1941 ta tare a gininta na Churchgate. Abin lura a nan shi ne shekara 86 ta yi ba ta da gidan kanta. Makarantar da ta yi irin wannan zama, takardunta na farko a warwatse za a same su, kuma za mu dawo kan wannan.

Sunayen da suka fito daga wannan gida sanannu ne. Mahadev Govind Ranade ya karɓi digirinsa na shari'a a 1866, Bal Gangadhar Tilak a 1879. Harilal Kania, babban jojin Indiya na farko a 1950, ɗalibinku ne, kuma sunansa laburarenku ke ɗauke da shi. M. C. Setalvad, antoni-janar na farko, shi ma haka. B. R. Ambedkar ya koyar a nan, aka naɗa shi shugaban kwalejin a 1935, shekara 12 kafin ya jagoranci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin ƙasar. Bayansa Asaf Fyzee, masanin shari'ar Musulunci, ya riƙe shugabancin daga 1938 zuwa 1947. Mithan Lam, wadda ta zama barista a Landan a 1923, ita ce mace ta farko da ta koyar a kwalejin. Pratibha Patil, wadda ta shugabanci Indiya daga 2007 zuwa 2012, a nan ta yi karatu. A shari'ar Kesavananda Bharati ta 1973, inda alƙalai 13 suka yanke da rinjayen 7 a kan 6 cewa majalisa ba ta da ikon rusa ginshiƙan tsarin mulki ta hanyar gyara, Nani Palkhivala ne ya tsaya wa mai ƙara, H. M. Seervai ya tsaya wa gwamnatin Kerala, kuma dukansu biyu a bencinku suka zauna.

Sai dai waɗannan sunaye ba sa buƙatar ceto, an riga an rubuta tarihinsu. Abin da ke cikin haɗari shi ne abin da ke bayansu: rajistar shiga da ke nuna garin da ɗalibi ya fito da sana'ar mahaifinsa, littafin kuɗin makaranta da ke nuna wanda aka yafe wa, jadawalin darussa, takardun jarrabawa, bayanan zaman malamai, wasiƙu tsakanin shugaba da gwamnati, mujallar kwaleji tun daga fitowarta ta farko, hotunan aji masu sunaye a bayansu. Da waɗannan ne kawai za a iya amsa tambayoyin da suka fi jerin mashahurai muhimmanci. Yaushe 'ya'yan marasa galihu suka fara shiga da yawa? Mata nawa suka yi rajista a shekaru 10 na farko bayan dokar 1923 da ta buɗe musu aikin lauya, nawa suka kammala? Me Ambedkar ya nemi a sauya a manhaja, me aka ba shi amsa? Ta yaya aka koyar da shari'ar Musulunci da ta Hindu a harshen Ingilishi ga ɗaliban da za su yi aiki da su a kotunan Turawa?

Yanzu ga abokan gabar waɗannan takardu. Takardar da aka yi kafin tsakiyar ƙarni na 19 da tsumman auduga da lilin aka yi ta, tana da ƙarfi. Daga wajen 1860 zuwa 1870 masana'antu suka koma itace da aka niƙa, suna ƙara masa alif da ƙaro don tawada ta zauna. Wannan haɗi yana haifar da asid a cikin takardar kanta, ya rinƙa yanke zarurrukanta, ta yi ruwan ƙasa, ta bushe, gefenta ya fara karyewa. Shi ya sa sau da yawa littafin 1840 ya fi na 1910 lafiya, kuma mafi yawan tarihin kwalejinku ya faɗo ne a zamanin takarda mai asid. Tawadar da aka yi rubutun hannu da ita a ƙarni na 19, wadda ake haɗawa da gishirin ƙarfe, tana cin takarda a daidai inda alƙalami ya bi. Idan aka ɗaga shafi sama aka ga haske yana ratsowa ta cikin haruffa, ko aka ga inuwar rubutu ta huda zuwa bayan shafi, ciwon ya yi nisa. Fatar bangon littattafan shari'a, musamman jerin rahotannin kotu, tana komawa jar hoda mai ɓata hannu. Zafi da laima suna ninka saurin duk waɗannan, Mumbai kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, ga iskar teku mai gishiri.

Matakin farko ba sayen na'ura ba ne, ƙidaya ce. A sa mutum biyu da ƙwararren mai gyaran takarda guda su bi kowane ɗaki, kowace kabad, har ƙarƙashin bene da saman silin, su auna kaya da mita na tsawon kanta, su ba kowane kundi lamba da fensir mai laushi a takardar da aka saƙala ciki. Kada a rubuta a jikin kundin da biro, kada a manna masa komai. A raba kaya gida huɗu: lafiyayye, mai buƙatar akwati kawai, mai buƙatar gyara, da wanda ba za a sake buɗewa ba sai a gaban ƙwararre. Babban kuskuren da ake yi a wannan mataki shi ne gyara tsari. Mai himma zai kwance fayil ya jera takardun bisa kwanan wata ko bisa batu, alhali yadda magatakarda ya jera su shaida ce a kan yadda aka yi aikin. Takarda marar kwanan wata da ke tsakanin wasiƙu biyu na watan Maris ta faɗi lokacinta. Idan aka cire ta daga wurin, ta zama marainiya. A bar komai yadda aka same shi, a rubuta inda aka same shi.

A daidai wannan lokaci a rataya ƙananan na'urorin auna zafi da laima a kowane ɗakin ajiya, su rinƙa ɗaukar awo duk minti 30 har shekara ta zagayo, don a ga damina da rani duka. Fumfuna tana tashi ne idan laima ta wuce kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka. Abin nema shi ne kashi 45 zuwa 55, da zafin digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salsiyos. Amma daidaito ya fi lamba muhimmanci, kuma a nan ne ofisoshi da yawa ke cutar da kayansu da kyakkyawar niyya. Ana kunna na'urar sanyaya ɗaki da safe a kashe ta da yamma idan an tashi aiki. Da dare iska mai ɗumi da laima ta shigo ta tarar da littattafai masu sanyi, sai raɓa ta kwanta a jikinsu. Takarda ta sha ruwa ta kumbura, gobe ta bushe ta tsuke, kullum haka. Idan ba za a iya riƙe sanyi dare da rana ba, gara a bar shi gaba ɗaya, a sa na'urar tsotse laima mai bututun zubar da ruwa, a toshe kafofin taga, a bar fanka tana juya iska. Ɗakin da ke digiri 26 da laima kashi 55 ba tare da hawa da sauka ba ya fi ɗakin da ke lilo kowace rana. Kantocin su zama na ƙarfe mai gasasshen fenti, na ƙasa ya ɗaga aƙalla santimita 15 daga daɓe, a bar tazara tsakaninsu da bangon waje, kada bututun ruwa ya bi ta samansu. Ɗakin ƙasa da wanda ke daf da rufi duka ba wurin ajiya ba ne.

Akwati mai kyau shi ne gyara mafi arha. Kwali marar asid da aka yanka daidai girman kundi yana tare ƙura da haske, yana rage masa jin sauyin yanayi, yana riƙe bangon da ya ɓalle tare da uwarsa. Manyan rajistoci a kwantar da su, kada a tara fiye da 3 a kan juna. A cire fil da kilif na ƙarfe da robar ɗauri, domin ƙarfe yana tsatsa ya ƙone takarda, roba kuma tana narkewa ta manne.

Ƙwari kuma a fara da sanin waɗanda ake da su. A ajiye tarkon gam a kusurwoyi, a duba kowane wata, a rubuta abin da ya kama. Gara tana zuwa ta ƙasa da bango, maganinta a jikin gini yake. Kyankyaso da ƙwaron nan mai launin azurfa suna lasar gam da fuskar takarda. Tsutsar da ke huda littafi tana barin gari mai laushi a kan kanta, kuma idan garin sabo ne mai haske, tana nan da rai. Kada a fesa maganin ƙwari a kan littafi. Yana barin tabo, yana cutar da mai karatu, kuma ba ya kai wa ga ƙwan da ke cikin ɗinki. A sa kundin a jakar leda mai kauri, a fitar da iska, a liƙe, a saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda aƙalla. Idan an fitar, a bar shi cikin jakarsa yini da kwana har ya dawo zafin ɗaki, don raɓar ta kwanta a bayan leda. Wanda ya yi gaggawar buɗewa ya jiƙa littafinsa da hannunsa. Abin da bai jure sanyi ba, kamar hoton da ke kan gilashi, a rufe shi cikin iskar naitirojin na kimanin mako 3. A sani kuma sanyi ba ya kashe fumfuna, tsayar da ita kawai yake yi. Ita sai an busar da kundin, an goge da burushi mai laushi zuwa bakin injin zuƙar ƙura mai matata ta musamman, ma'aikaci yana sanye da takunkumi da safar hannu, a ɗakin da ba na ajiya ba.

A kan gyara muna da roƙo na musamman, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a bari kowa ya liƙa salatif a shafin da ya yage. Gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a rufe takarda cikin leda da zafi. An yi wannan a taskokin ƙasashe da yawa a tsakiyar ƙarni na 20, yanzu kuɗi ake kashewa ana ƙoƙarin ɓare ta, domin asid yana ci gaba da aikinsa a ciki, ledar ma tana lalacewa. Kada kuma a kai tsofaffin rajistoci wurin mai ɗinkin littafi na kasuwa, zai datse gefuna don su daidaita, ya tafi da bayanan da malamai suka rubuta a gefe, ya jefar da bangon asali mai tambarin laburare. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka yi wa takarda ya zama ana iya warware shi: siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, waɗanda ɗan danshi ke cirewa. Rage asid da sinadarin magniziyam yana tsayar da lalacewa, amma ba ya mayar wa takardar da ta riga ta bushe ƙarfinta, saboda haka a fara da waɗanda ke da sauran ƙarfi. Kafin ruwa ya taɓa kowane shafi mai rubutun hannu, a gwada tawadar da ɗigo guda a wurin da ba ya ɗauke da ma'ana, domin jar tawada da tawadar hatimi sukan zube.

Kwalejin ta sha ambata cewa laburarenta yana riƙe da daɗaɗɗen kwafi "na asali" na dokar laifukan da Macaulay ya tsara. Wannan kadara tana buƙatar bayanin da ya fi kalmar "na asali". Akwai daftarin da aka buga a Kalkata a 1837, akwai bugun Landan na 1838, akwai kuma dokar da aka zartar a 1860 bayan gyaran da Barnes Peacock da abokan aikinsa suka yi, lokacin Macaulay ya riga ya rasu a 1859. Muna roƙon a sa masanin tsofaffin bugu ya duba shafin take, sunan maɗaba'a, alamar da ke cikin takarda idan an haska ta, tambura da sa hannun waɗanda suka mallake shi, da kowane rubutun gefe, a wallafa sakamakon. Idan za a nuna shi ga baƙi, hasken kada ya wuce laks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, kada rana ta taɓa shi, kada ya wuce wata 3 a buɗe a shafi ɗaya. Ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta komawa.

Ɗaukar hoto sai bayan ƙidaya da tsabtacewa. Inda aka fara da shi, abin da ake samu dubban fayiloli ne marasa suna da littattafai masu karyayyen baya. Kada a kifa tsohon kundi a kan gilashin sikana, kada a tura sako-sakon shafi cikin injin da ke jan takarda da kansa. A yi amfani da kyamarar sama da shimfiɗa mai buɗe littafi kusurwar digiri 90 zuwa 120. A ɗauka da launi, ɗigo 400 a kowane inci, 600 ga ƙananan rubutu da hotuna, da ma'aunin launi da na tsawo a gefe. A ɗauki bango da shafukan da ba rubutu, domin su ma shaida ne. Babban kwafi a ajiye shi a tsarin TIFF ba tare da matsewa ba, a fitar da ƙanana don intanet. Lissafin wurin ajiya mai sauƙi ne: shafi mai girman A4 a wannan ma'auni yana cin kusan megabait 46, shafi 100,000 zai ci kusan terabait 4.6, kuma kwafi 3 ake buƙata, a kan nau'in ma'aji 2, ɗaya a wani gari daban. Kowane fayil a yi masa lambar tantancewa ta SHA-256, a sake gwadawa duk shekara, domin fayil yana lalacewa shiru ba tare da kowa ya sani ba. A rubuta cikin kwangila cewa manyan kwafin mallakar kwaleji ne, a karɓe su kashi-kashi, a duba aƙalla shafi 1 cikin 10 kafin a biya. Manhajar karanta rubutu za ta yi aiki a kan bugun Ingilishi, amma rubutun hannu, da takardun harshen Marathi na tsohon rubutun Modi, da na harshen Gujarati, sai mutum ya zauna ya karanta. Masu iya karanta Modi ba su da yawa, a neme su tun yanzu.

Batun haƙƙi a warware shi kafin a ɗora komai. A dokar haƙƙin mallaka ta Indiya ta 1957, kariya tana ƙarewa shekara 60 bayan rasuwar marubuci. Ambedkar ya rasu a 1956, saboda haka abin da ya wallafa ya fita daga kariya tun farkon 2017. Fyzee ya rasu a 1981, nasa da saura. Bayanan ɗalibai kuma sun shafi mutane da iyalansu, ga dokar kare bayanan mutum ta 2023. Shawararmu a buɗe rajistar da ta haura shekara 100 gaba ɗaya, ta ƙasa da haka a bar ta ga mai binciken da ya sa hannu a kan sharuɗɗa, fayilolin ladabtarwa da na lafiya kuma su zauna a rufe har wa'adinsu ya cika.

Ruwa yana buƙatar shiri tun kafin ya zo. Ranar 26 ga Yuli 2005 Mumbai ta sami ruwa milimita 944 cikin awa 24. Jiƙaƙƙiyar takarda tana fara fumfuna cikin awa 48, a yanayi mai zafi ma kafin haka. A rubuta shirin gaggawa na shafi 2, a manna shi a ƙofa, da lambobin waɗanda za a kira, da jerin kundaye 50 da za a fara fitarwa da inda suke. A tanadi ledar rufi, akwatunan roba, takardar tsotse ruwa da tocila, a kuma yi yarjejeniya tun yau da wani mai babban ɗakin sanyi. Wanda ya ɗan jiƙe a tsayar da shi a buɗe gaban fanka. Wanda ya sha ruwa sosai kada a yi ƙoƙarin buɗe shi, a naɗe a daskarar, a busar daga baya a tsanake. Takarda mai sheƙi idan ta bushe a manne, ta manne ke nan.

Mu koma kan takardun da ke waje. Taskar tarihin Jihar Maharashtra tana cikin ginin Kwalejin Elphinstone, wato gidan da makarantarku ta taɓa zama, kuma a nan ne fayilolin sashen ilimi da na shari'a na tsohuwar gwamnatin Bombay suke. Kalandar jami'a ta shekara-shekara tana ɗauke da manhaja da sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Babbar Kotu tana da rajistar lauyoyi. Laburaren Birtaniya a Landan yana riƙe da takardun Ofishin Indiya, wato ma'aikatar gwamnatin Birtaniya da ta kula da mulkin Indiya. Ba a buƙatar a dawo da ko ɗaya. A yi jagora guda da zai ce abu kaza yana wuri kaza, a nemi hotonsa. Ga tsofaffin ɗalibai kuma, littafin da kakanku ya rubuta darasi a ciki, katin shaida, hoton aji, wasiƙar malami, su ne ba a samu a kowace taska ta gwamnati, kuma su ne ake zubarwa ranar da ake kwashe ofishin lauyan da ya rasu. A buɗe musu ƙofar bayarwa ko aro, da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1950 da 1960 a zauna da su a naɗi muryarsu, da izininsu a rubuce, a haɗa da magatakarda da ma'aikatan laburare da masinjoji, domin su ne suka san inda aka kai kaya lokacin da aka yi gyaran gini.

Akwai gadon da ba na takarda ba, kuma muna so mu ce kalma a kansa. Tun da aka kafa jami'ar shari'a ta ƙasa a Bangalore a 1987, sannan jarrabawar shiga ta bai ɗaya ta irin waɗannan jami'o'i ta fara a 2008, hankali ya karkata can. Kuɗin karatunsu ɗaruruwan dubban rupi ne a shekara, naku dubbai ne. Darussanku na safe suna barin ɗalibi ya taka da ƙafa zuwa Babbar Kotu ko ofishin lauya ya wuni yana koyon aiki. Wannan tsari na lauya mai aiki a gaban aji shi ne ya ba ku Ambedkar da Palkhivala da M. C. Chagla, wanda daga baya ya zama babban jojin Babbar Kotun Bombay, a matsayin malamai, amma yana da rauninsa: lauyan da ke da shari'a a kotu ƙarfe 11 ba zai duba aikin bincike ba, ba zai riƙe taska ba. Dokokin ilimin shari'a na Majalisar Lauyoyin Indiya na 2008 sun wajabta malaman dindindin, kuma taska ma haka take. Tana buƙatar ma'aikaci guda mai horo, mai albashi na dindindin, da layinta a kasafin kuɗi. Aikin da aka ɗora a kan gudummawar shekara ɗaya yana mutuwa ranar da kuɗin ya ƙare, na'urar tsotse laima ta lalace a rasa mai sa hannu a gyara. Ɗalibai za su iya taimakawa wajen rubuta bayanin kundaye da kwafe rajista bayan horon mako 2, amma kada a ba su almakashi da gam.

Ga abin da muke roƙo a lokace. Cikin wata 6 a dakatar da zubarwa ko sayar da duk takarda da littafin da ya girmi 1960 har sai an gama ƙidaya, a rataya na'urorin awo, a rubuta shirin ruwa. Cikin shekara guda a kammala ƙidaya a wallafa rahotonta, a ɗauki ma'aikacin taska. A shekara ta biyu da ta uku a gyara ɗakin ajiya bisa abin da awon ya nuna, a saka kaya a akwati, a fara hoto da rajistoci da bayanan zaman malamai da mujallar kwaleji. Kafin 2030 jagoran taskar ya hau intanet kyauta, yadda ɗalibi a Pune ko Khartum ko Zariya zai nemi shafi ya gani.

Muna jiran amsarku a bainar jama'a, kamar yadda muka rubuto.

Naku cikin girmamawa,
Wasu malaman shari'a da ma'aikatan adana takardun tarihi